Katifun Kumasi a Ɗakin Luba

Kiru,
Lahadi, 10 ga Yuni, 1956.

Zuwa ga Yayata Hajara, a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga yayarta, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Jibril da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a cinikin goro, ya tsare ku daga zazzaɓin Kurmi. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Ruwa ya sauka sosai bana, an gama shuka, har an shiga noman fari. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, yana takawa masallaci da sandarsa, ko da yake har yanzu ba ya jin magana in an ce ya bar zuwa gona. Ajina na matan aure ya kai mutum goma sha tara, shida daga cikinsu sun fara rubuta wasiƙa da hannunsu, kin ga kuwa dole in yi farin ciki.

Takardarki ta iso ta hannun Alhaji Sale mai goro, na karanta ta sau uku, a na ukun sai da na tashi na sha ruwa. Kin ce bayan Babbar Sallah za ki zo ki ɗauke 'yarki Luba daga gidan mijinta a Ɗansoshiya, tunda Surajo ya ƙaurace wa ɗakinta, uwarsa kuma ta farke matashin da kika aiko a gaban jama'a. Duk abin da aka gaya miki ya faru, ban musa ko ɗaya ba. Amma fatake sun kai miki ƙarshen magana, sun bar farkonta a hanya. Ina roƙonki ki ba Malam Jibril ya karanta miki wannan ku biyu kaɗai, kada a kai wa mai karatun wasiƙa na bakin kasuwa, don maganar ɗaki ce.

Akwai wani ruɗu da ke kan mutanenmu, ni ma da shi na girma, na kuma tabbata ke ma kina da shi. Muna ɗauka cewa in miji da mata suna son juna, to shimfiɗa ɗaya za ta yi musu daidai, in kuwa ɗaya ya sauka daga gado to zuciyarsa ce ta fita daga auren. Amma kowa ya san akwai mijin da ba ya cin tuwo sai da yaji mai yawa, matarsa kuwa ko ƙamshinsa ba ta so, ba a kuma taɓa kai wannan gaban alƙali ba. Sai a zuba wa kowa nasa a wuce wurin. Barci ma haka yake, kowane jiki da irin abin da yake karɓa. Wannan 'yar magana da yaro zai gane, ita ce ta gagari manya huɗu har wata biyu, har tana neman kashe aure. Wallahi Yaya, in na tuna sai raina ya ɓaci.

Bari in fara daga kayan. Katifu uku kika aiko, da matasan kai goma sha biyu, da luru biyu, ga gadon ƙarfe mai rumfa. Ranar jere mata har daga Bebeji suka zo kallo, babu wadda ba ta sa miki albarka ba. Da aka ɗora katifun nan uku a kan juna, gadon ya kai wa Luba ƙirji, sai da aka ajiye mata kujera 'yar tsuguno don hawa. Wata tsohuwa ta ce a nemo wa ango tsani, a kuma gaya wa maɗori ya kwana cikin shiri. Muka yi ta dariya, ni ce ma kan gaba. Babu wadda ta yi tunanin tambayar yadda mutanen da za su kwanta a kai suke barci.

Luba dai ni na yaye ta, na san barcinta kamar yadda na san tafin hannuna. Yarinya ce mai jin sanyi. Ko a tsakiyar bazara sai ta lulluɓa har ka, ta toshe taga da tsumma, ta tara matasai uku ta jingina kamar mai jiran baƙi. Shi kuwa Surajo, ashe shekara biyu da suka wuce buhun gyaɗa ya danne shi a wurin awo a Bebeji, tun daga nan ƙugunsa ba ya son laushi ko kaɗan. A kan tabarma yake kwana bisa daɓe, hannunsa ne matashinsa, ko da sanyi gwado ɗaya yake jefawa a ƙafa. Ga shi mai yawan zufa. Wannan mutumin aka ɗauka aka ɗora a kan katifun rimi uku, ana saura mako biyu azumi, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake.

Kwana tara ya daure. Kullum da safe sai ya fito a duƙe kamar tsoho, ido jajur, yana ta atishawa, abokansa suna tsokanarsa a ƙofar masallaci wai angonci ya karya shi tun ba a je ko'ina ba. A na goma ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙasa a gindin gado. Ba ta tambaye shi dalili ba, wai amarya ba ta irin wannan tambaya. Shi ma bai faɗa ba, wai kayan surukai ne, ba zai buɗe baki ya kushe su ba. To, ki ji abin da 'yar taki ta yi. Ta zauna ta yi tunani, ta yanke cewa gadon ne bai yi masa laushi ba. Washegari ta ƙara matasai biyu a gefensa, ta shimfiɗa masa luru, ta turara ɗakin har hayaƙi na fita ta ƙofa. Shi kuma ya ja tabarmarsa zuwa bakin ƙofa inda iska take. Ta ƙara matashi. Ya koma zaure. Haka suka yi ta yi, tana ƙara laushi yana ƙara nisa, kowa yana ganin kyautatawa yake yi, har azumi ya wuce.

Nan ne uwarsa, Iya Asibi, ta shigo. Ita abin da ta gani shi ne ɗanta lafiyarsa ƙalau a gona, amma da ya shiga ɗakin nan sai tari da majina. Ta haɗa wannan da cewa kayan daga Kurmi suka fito, ta ce lallai an ɗinke wani abu a ciki. Ta kira maƙwabta uku su zama shaida, ta ɗauko matashi ɗaya ta sa wuƙa a tsakar gida. Babu laya, babu ƙulli, babu komai sai audugar rimi da 'ya'yanta a ciki, ta sha raɓa a hanya ta yi baƙi-baƙi da fumfuna. Iska ta kwashe ta ta watsa a gidan, matan nan huɗu suka kama atishawa ba ƙaƙƙautawa. Maimakon ta gane, sai Iya Asibi ta ce ai ga shi nan, har ita ma abin ya kama ta. Luba ta ɗauki mayafinta ta taho Kiru a ƙafa tana kuka.

Ba zan wanke kaina ba. Kwana huɗu tana wurina, abin da kawai na iya ciro daga bakinta shi ne ba ya sonta, ya gwammace zaure da ɗakinta. Na yarda, na aika musu da magana mai zafi wadda yanzu nake jin kunyarta. Sai da Lawal abokin ango ya zo biko, ya zauna da maigidana Malam Wada a zaurenmu, ya yi ta kewaye-kewaye, daga maganar ruwan bana zuwa tsadar gishiri, kafin ya ce ai matsalar ba ta wuce ƙugun Surajo da hancinsa ba. Malam ya shigo gida yana dariya har da riƙe bango. Ni ban yi dariya ba. Ki duba fa, Surajo ya gaya wa Lawal, Lawal ya gaya wa Malam, Malam ya gaya mini, ni na gaya wa matar da ke kwana taku biyu daga inda yake. Maganar da ba ta fi a ce bayana yana ciwo ba, sai da ta bi ta baki huɗu da gari biyu. Ina son kunya, ina kuma koya wa yara ita, amma irin wannan kunya ta ishe ni.

Na nemi izinin Malam, na mai da Luba da kaina ranar kasuwa. Abin da na fara yi da na shiga ɗakin, bayan azahar, shi ne na taka kujerar nan na hau gadon na kwanta. Yaya, nutsewa na yi. Ƙafafuna suka yi sama, ƙuguna ya yi ƙasa, zufa ta karyo mini, ga wani wari na daɗewa da turaren ya rufe. Da na so tashi sai da Luba ta kamo hannuna ta ja. Ni da ba buhun da ya taɓa danne ni ke nan. Daga nan na sa aka kira Surajo. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, ya ba ni gefensa, ido a ƙasa. Na tambaye shi abin da ke damunsa da gadon. Ya ce shi ba abin da ke damunsa, kaya sun yi kyau, Allah ya saka wa surukai da alheri, bayansa ne dai bai san arziki ba. Na tambayi Luba ko ta ji. Ta ce ta ji, amma ita da ta ɗauka ƙyamarta yake yi. Sai ya ɗago kai a karo na farko ya rantse, ya ce shi tsoronsa kada ta ce ya raina kayan gidansu. Na yi musu faɗa kamar 'yan aji ɗaya da suka ɓata allo, suna sunkuye, ina gani Luba tana danne murmushi da bakin mayafi.

Iya Asibi ma na je na gaishe ta, don babba ce. Ta fara da cewa su a zamaninsu tabarma ɗaya da gwado ɗaya aka kai ta da su, ta kuma haifi tara, ba wanda ya yi atishawa. Na ce haka ne. Ta ƙara da cewa ita ba ta ce wani ya yi wa ɗanta wani abu ba, dubawa kawai ta yi. Na ce haka ne. Da ta ga ban yi gardama ba sai jikinta ya yi sanyi, ta ce in ba ki haƙuri, sharrin zuciya ne da son ɗa. Ita da kanta ta ɗinke matashin da ta farke, ɗinkin duk ya karkace don idonta ba ya gani sosai, ta kuma aika wa Luba da ƙwaryar fura da man shanu. Ban ce ta kyauta ba, abin da ta yi cin fuska ne, na kuma gaya mata da ladabi. Amma ta sauko, ina so ki san wannan.

Kwana uku na yi a can. Muka fitar da katifu da matasai duka muka farke bakinsu, muka shanya audugar a rana, muka tsince 'ya'yan rimin, muka zubar da wadda ta lalace. Muka mayar da mai kyau cikin yadin akoko ninki biyu, da ɗinki ƙanana, yadda ƙurarta ba za ta fito ba. Shi kuma Surajo muka yi masa nasa matashin daban. Lawal ya samo mana ƙaiƙayin shinkafa daga Burumburum, muka wanke, muka shanya har ya bushe ƙayau, muka ɗura rabin jaka kawai, don in an cika shi tam sai ya zama dutse, in kuwa an bar masa wuri sai ya bi siffar wuya, ga shi ba ya riƙe zafi. Shi mai kwana rigingine ne, gajeren matashi ya ishe shi. Luba mai kwana a gefe ce, dole nata ya cike tsakanin kafaɗa da kunne, shi ya sa take tara su. Muka yi shimfiɗa biyu a ƙasa, gefe da gefe, ba tazarar ko tafin hannu. Tabarmarsa da gwadonsa ta wajen ƙofa, katifarta ɗaya da lurunta ta wajen bango, kowa da abin rufarsa. Yau kwana goma sha shida ke nan. Surajo ya miƙe, da shi ake noman fari, atishawa ta tafi, zaure ya koma wurin baƙi. Luba ta aiko mini cewa har ƙiba ta fara yi.

Abin ya dame ni har na kai shi aji, ba tare da na kama sunan kowa ba. Na ce wa matan, duk wadda za ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, kafin ta auna yadi ta sa a binciko mata ko mutanen nan masu jin zafi ne ko masu jin sanyi, ko a gefe suke kwana ko rigingine, da wanda jikinsa ke son tauri. Da farko suka rufe fuska suna cewa Malama yau kuma ina aka nufa. Kafin a tashi kuwa sai da na buga tebur, don kowa tana da labari, wata ma ta ce shekara bakwai tana kwana da rabin bargo, ta ɗauka haka aure yake.

To, ga inda maganar ta tsaya, nan ne kuma nake bukatarki. Kwanan ƙasa ba zai ɗore ba. Damina ta kankama, daɓen ɗakin ya fara tsattsafo da danshi, shekaranjiya an kashe kunama a ƙarƙashin tabarmar Surajo. Ga kuma bakin mata, duk wadda ta leƙo da sassafe sai ta tambayi abin da ya sauko da amarya daga gadonta. Na yi magana da kafinta a nan Kiru, ya ce zai shimfiɗa katako a kan gadon, rabi a bar wa Surajo da tabarmarsa, rabi a ɗora wa Luba katifa. Amma sai an yanka babbar katifar a tsaye an mai da ita siririya. Sauran biyun ba abin da zai taɓa su, da rana a ɗora su a yi jere kamar yadda kika so, kowa ya gani, da yamma a naɗe. Katifa ɗaya ce kawai za a sa wa almakashi. Na nemi mai yankawa na rasa. Luba ta ce ba za ta iya ba, kayan daga hannunki suka fito. Surajo ya ce gara ya kwana da kunamu da a ce ya yanka katifar surukarsa. Iya Asibi ta ce ita da kusantar kayan Kumasi da wuƙa har abada. Ni kuma ba zan yi ba sai da yawunki. Ga mu nan mu huɗu mun kewaye katifa muna kallo, ruwa yana ta sauka.

Yaya, na san abin da ke cikin katifun nan ba audugar rimi kaɗai ba ce. 'Yar fari ce, ba ki taɓa kiran sunanta ba, ba ki taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, tana shekara biyu kika miƙo mini ita kika juya fuska don kada a ga idonki. Duk abin da kunya ta hana bakinki faɗa mata cikin shekarun nan, shi kika ɗura a ciki kika aiko daga wata ƙasa. Shi ya sa da aka sa wa matashin nan wuƙa, ke aka yanka, ban kuma ga laifinki ba da kika yi fushi. Amma don ta huta kika aiko su, ba don ta dawo gida da takardar saki ba. Da na koma duba ta, na gaya mata abin da kika rubuto, don ba na ɓoye mata komai. Ta ce in kin ce ta taho za ta taho, ba za ta saɓa miki ba. Can an jima, muna tsince shinkafa, sai ta tambaye ni, wai in ta tafi wa zai riƙa shanya masa matashin, tunda shi ba ya tunawa.

Ba na so ki yarda da ni don na iya tsara magana a takarda. Tare da wasiƙar nan Alhaji Sale zai ba ki ƙunshi, ƙaramin matashin ƙaiƙayi ne a ciki, Luba ce ta ɗinka. Ki kwana a kansa kwana uku, ki ba Malam Jibril ya yi uku, ku ga wanda zai ƙi sakinsa da wanda zai jefar. Sa'an nan ki daure ki tambaye shi kai tsaye yadda yake jin shimfiɗarku. Ni na gwada a gidana makon jiya. Shekara goma sha huɗu kullum da safe ina tsintar matashin Malam Wada a ƙasa, ina kakkaɓewa ina mayarwa, ina cewa mutumin nan akwai birgima. Ashe jefarwa yake yi da gangan, wuyansa yake riƙewa, bai faɗa ba don ni na yi masa adon zare a jiki. Na rasa ko in yi dariya ko in jefe shi da shi. Ki gwada naki, in kin gama ki aiko mini da kalma ɗaya kafin Sallah, a yanka ko kada a yanka. In har yanzu zuwa za ki yi, hanya taki ce, ba zan tare ki ba, amma sai kin hau gadon nan da azahar kin kwanta tukuna, ni kuma ba zan miƙa miki hannu ki tashi ba sai kin amsa mini.

Ki gaishe mini da Malam Jibril da kyau, da Mamman da Saudatu da auta Shitu, ki ce wa Saudatu ina jiran wasiƙar da ta yi mini alkawari da hannunta. A gaishe da Gwaggo Halima da mutanen gidanta, da duk 'yan Kiru da ke Zango. Baba yana sa muku albarka, Malam Wada yana gaisuwa, Surajo ya ce a miƙa gaisuwarsa da ban girma. Luba tana gaishe ki. Ta ce in gaya miki ɗinkin gefe ɗaya na matashin ya ɗan karkace, ki yi haƙuri, gefen nan take ɗinkawa lokacin da na ce mata ke za a kai wa.

Allah ya sada mu da alheri, ya sa mu ga Sallah lafiya.

Ni ce ƙanwarki mai ƙaunarki,
Suwaiba.